Jan ɗigo, farar toka da laka: yadda ake karanta goshin mabiya addinin Hindu

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun muna yara muke ganin matan Indiya a fim da jan ɗigo a goshi, kuma an ce mana alamar aure ce. To sai ga shi ina ganin 'yan mata ƙanana da shi, wasu maza kuma da farin zane uku a kwance, wasu a tsaye. Mene ne ma'anar waɗannan zane-zane, kuma da me ake yin su?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da aka gaya miki rabin gaskiya ne, kuma rabin ma ba na ko'ina ba ne a ƙasar Indiya. Abin da ya haɗa ruɗanin shi ne abubuwa ne da yawa ake sa wa goshi ɗaya, kowanne da sunansa da aikinsa, mu kuma daga nesa duk "ɗigon Indiyawa" muke ce musu. In kina son ki karanta goshin mutum daidai, abu uku za ki duba: inda aka sa alamar, siffarta, da abin da aka yi ta da shi. Launi kaɗai ba ya isa.

Bari mu fara da maganar auren, tunda ita ce ta fi yawo. Ɗigon da ke tsakanin gira biyu ko sama kaɗan sunansa bindi, daga kalmar bindu ta Sanskirit, tsohon harshen Indiya, wato ɗigo. Tamilawa suna ce masa pottu, masu yaren Telugu bottu, 'yan Bengal kuma tip. Wannan ɗigo jariri ma ana sa masa, budurwa tana sawa, matar aure tana sawa. A kudancin Indiya yarinyar da ta fita da goshi fayau sai kakarta ta kira ta ta dawo. Alamar auren ta ainihi tana can sama, a tsagar gashin kai. Jan gari ne da ake kira sindur, ana zuba shi a kan layin da ya raba gashi biyu, daga bakin goshi zuwa baya. A arewaci da gabashin Indiya da ƙasar Nepal, lokacin da ango ya sa wa amarya sindur a tsagar kanta a gaban wuta yana cikin ginshiƙan ɗaurin auren, daga ranar kuma ita za ta riƙa sa wa kanta kullum muddin mijin yana raye. Budurwa ba ta taɓa sa shi a nan. A kudu kuwa, abin da ya fi sindur nauyi shi ne abin wuyan da ango ke ɗaura wa amarya, wanda Tamilawa ke kira tali, wasu kuma mangalsutra. A Bengal ana ƙarawa da awarwaro biyu, fari na kodin teku da ja. Saboda haka in kin ga jan bindi babba tare da ja a tsagar kai, matar aure ce. In ɗigon ne kawai, ba ki da hujjar yanke hukunci.

Ɗayan gefen wannan al'ada ba shi da daɗin ji. A bisa tsohuwar ɗabi'a, ranar da miji ya mutu ake goge wa matar sindur, a fasa awarwayenta, a hana ta ja har abada, sai dai farar toka ko niƙaƙƙen icen sandal mai ƙanshi in tana so. Goshin da babu komai ya zama tambarin takaba wadda ba ta ƙarewa, ana kuma ƙin gayyatar matar wurin biki don wai ƙafarta ba ta da sa'a. Su kansu Indiyawa sun daɗe suna faɗa da wannan. Tun 1856 aka yi dokar da ta halatta wa matar da mijinta ya mutu ta sake aure, kuma a watan Mayun 2022 majalisar wani ƙauye mai suna Herwad a yankin Kolhapur ta zartar da ƙudurin hana goge sindur da fasa awarwaro, gwamnatin jihar Maharashtira ta nemi sauran ƙauyuka su bi sahu.

Yanzu ga abin da kika gani a goshin maza, wanda a ganina shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Sunan da ya tattara su shi ne tilak ko tilaka, kuma aikinsa shi ne faɗin wanda mutum yake bauta wa, har ma da ɗarikar da yake bi. Turawan Ingila a zamanin mulkinsu sun riƙa kiransa alamar aji ko dangi, kuskure ne da ya bi littattafai har yau. Ba kamar tsagar fuskarmu ba ce da ke nuna asalin gida. Ana wanke shi da dare a sake zanawa da safe, kuma mutum biyu da ajinsu ya bambanta suna iya ɗaukar zane iri ɗaya in abin bautarsu ɗaya ne.

Ƙa'ida mafi sauƙi ita ce: a kwance na Shiba, a tsaye na Bishnu, biyu daga manyan ababen bautar Hindu.

Layi uku farare a kwance daga wannan gefen goshi zuwa wancan sunansu tripundra, na mabiya Shiba ne. Da toka ake yin su, wadda ake kira bibuti ko basma, Tamilawa kuma tiruniru. Ba tokar murhu ba ce. Ta asali daga kandilo ake samunta: a tara kashin shanu, a dunƙula shi fale-fale, a shanya ya bushe ƙarau, sannan a jera shi hawa-hawa ana barbaɗa ƙaiƙayin shinkafa tsakani, a rufe tulin da ƙaiƙayi a cinna wuta. Ba a son ta ci da harshe, so ake ta yi ta ci a ciki a hankali na wasu kwanaki har ta mutu da kanta. Wasu suna ƙara man shanu ko madara a sake ƙonawa. In aka yi gaggawar buɗe tulin, ko kandilon bai gama bushewa ba, sai a sami toka baƙa-baƙa mai gawayi, wadda ba ta fitowa a fata. In an tara kashin da ƙasa a jikinsa, sai ta yi tsakuwa tana kartar goshi. Bayan ta huce a daka, a tankaɗe da ƙyalle mai laushi. Ta kasuwa da yawa an gauraya ta da garin farin dutse da turare, shi ya sa take fin ta gida haske, tana kuma busar da fata.

Wajen shafawa, mutum yakan ɗebi kamar rabin ƙaramin cokali a tafin hagu, ya ɗiga ruwa kaɗan, ya murza, sannan ya ja yatsu uku na dama, manuni da na tsakiya da na zobe, a kan goshi yana ambaton sunan Shiba. Lokacin da take jiƙe ba ta da haske, sai ta bushe farin yake bayyana. Sabon shiga yakan zaci bai sa isasshe ba ya ƙara, in ta bushe ta yi ɓawo tana zuba masa a ido. In ruwan ya yi yawa kuma, layukan uku su haɗe su zama shafe ɗaya. Wadda aka karɓo daga hannun mai hidimar wurin bauta yawanci a bushe ake shafa ta.

Ma'anar tokar a fili take: duk abin da wuta ta ci toka yake komawa, ita kuwa toka ba a sake ƙona ta. Mabiya Hindu galibi ƙona gawa suke yi, don haka mai shafa ta yana tuna wa kansa makomar jikinsa ne kowace safiya, kuma Shiba a wurinsu shi ne mai zama a maƙona gawa da jiki duk toka. Adadin uku kuwa fassararsa tana da yawa. Wani tsohon nassi mai suna Kalagni Rudra Upanishad ya danganta layukan da wutar hadaya guda uku, da sautuka uku na Om, kalma mai tsarki a wurinsu, da uku daga littattafan Beda, tsofaffin nassosin addininsu. Malaman Shaiba Siddanta, wata ɗarikar mabiya Shiba ta ƙasar Tamil, suna karanta su a matsayin dauɗa uku da ake son ƙonewa: girman kai, sakamakon aiki, da ruɗin duniya. Ba saɓani suke gani a nan ba, a wajensu alama ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana bisa ma'ana. 'Yan Lingayat na jihar Karnataka, mabiya Basabanna na ƙarni na 12, maza da mata duka suna shafa ta.

Na tsayen sunansa urdwa pundra, na mabiya Bishnu ne da siffofinsa irin su Rama da Kirishna. Layi biyu ne da suka tashi daga tsakanin gira suka nufi gashin kai, aka haɗa su a ƙasa kamar harafin U. Ana fassara su da tafin ƙafar Bishnu, wato mai zanen yana cewa kansa yana ƙarƙashin ƙafar ubangidansa. A nan laka ake amfani da ita, ba toka ba. Abin da ke tsakiyar layukan biyu da yadda gindinsu ya ƙare shi ne ke faɗa miki ɗarikar.

Mabiya Ramanuja, malamin ƙasar Tamil na ƙarni na 11 zuwa na 12, suna zana layukan da farar laka mai suna tiruman, su ja siririn layi ja ko rawaya a tsakiya wanda ke wakiltar Lakshimi, matar Bishnu. Sun rabu gida biyu. 'Yan Badakalai zanensu U ne mai lanƙwasa da ya tsaya tsakanin gira, tsakiyarsa galibi rawaya. 'Yan Tenkalai nasu yana da jela da ta sauko kan karan hanci kamar harafin Y, tsakiyarsa ja. Kada ki raina wannan 'yar jela. A bayanta akwai muhawarar tauhidinsu kan ko tsira tana buƙatar ƙoƙarin bawa ko alherin ubangiji kaɗai ya wadatar. Suna kwatanta ta da ɗan biri da ɗan kyanwa: ɗan biri shi ke riƙe uwarsa, ɗan kyanwa kuwa uwar ce ke ɗaukarsa a baki. A wurin bautar Baradaraja, wata siffar Bishnu, da ke garin Kanchipuram an kai ƙara kotu, shari'ar ta ɗauki tsararraki, kan wane zane cikin biyun za a yi wa giwar wurin a goshi.

Mabiya Madwa, na ƙarni na 13, waɗanda cibiyarsu ke Udupi, suna amfani da gopi-candan, laka mai ruwan ƙasa-ƙasa zuwa rawaya da ake haƙowa kusa da Dwarka a jihar Gujarat, su ja baƙin layi a tsakiya da gawayin da aka yi hidimar bauta da shi. Mabiya Caitanya, wanda aka haifa a Bengal a 1486, su ma gopi-candan ne, amma suna barin tsakiyar babu komai, su ƙare gindin da siffar ganyen tulsi, wani tsiro da suke tsarkakewa, a kan hanci. Wannan shi ne zanen 'yan Hare Kirishna, ƙungiyar da aka kafa a birnin New York a 1966, waɗanda ake gani a Legas da Akara. 'Yan Swaminarayan na Gujarat kuma U ne na sandal da jan ɗigo zagayayye a tsakiya.

Yadda ake zana na laka: ana sayar da ita a dunƙule kamar alli. A ɗiga ruwa biyu ko uku a tafin hagu, a goga dunƙulen har ya ba da kauri kamar na kindirmo. A ɗeba da yatsan zobe, a danna tsakanin gira a ja sama, matsin yatsan shi ke ture lakar gefe biyu ya bar fili a tsakiya, sannan a gyara filin da jiƙaƙƙen ƙaramin yatsa. Masu tiruman suna amfani da ɗan siririn ƙarfe ko tsinke don layin tsakiya, wasu ma suna da tambarin ƙarfe da ake dangwalawa a buga. In ta yi ruwa, ta gangaro kan hanci. In ta yi kauri, ta tsattsage da zarar an ɗaga gira. In goshin yana da mai ko gumi, ba ta kamawa sam, shi ya sa bayan wanka ake yi kafin a shafa komai. Mai cikakken bin ƙa'ida ba goshi kaɗai yake zanawa ba, wuri goma sha biyu ne: goshi, ciki, ƙirji, maƙogwaro, gefen ciki biyu, damtse biyu, kafaɗa biyu, saman baya da ƙasansa, kowane wuri da sunan Bishnu da ake ambata, ana farawa da Keshaba a goshi a ƙare da Damodara.

Masu bautar Debi, abar bauta mace a siffofinta kamar Durga da Kali, su ja suke sawa, ɗigo ko layi ɗaya a tsaye. Za ki kuma ga wanda ya haɗa tripundra da jan ɗigo a tsakiya, wato Shiba da Shakti (wani sunan Debi) tare.

Me ya sa duk a goshi, kuma tsakanin gira? A koyarwar yoga wannan wuri shi ne ajna, cibiya ta shida cikin cibiyoyi bakwai da suke lissafawa a jiki, mazaunin basira da tattara hankali. Nan ne kuma ake zana wa Shiba ido na uku. Za ki ci karo da masu cewa danna wurin yana motsa wata jijiya ko yana sanyaya ƙwaƙwalwa. Wannan ƙari ne na 'yan baya masu son yi wa al'ada rigar kimiyya. Abin da yake tabbas shi ne niƙaƙƙen sandal yana ba fata sanyi yayin da ruwansa ke bushewa, kuma mutanen Kerala, inda zafi da gumi suka yi yawa, shi suka fi shafawa. Ana samunsa ne ta goga guntun icen a kan jiƙaƙƙen dutse mai faɗi.

Akwai kuma tilak wanda wani ke sa wa wani, kuma shi ne mafi yawan abin da ake gani a fim. Wannan ba ya nuna ɗarika, albarka ce da girmamawa. Ana dangwala ja a goshin baƙo, ko ango, ko ɗan da zai yi tafiya ko jarrabawa, a ja shi sama da babban yatsa, a manna ƙwayoyin shinkafa waɗanda ba su karye ba, saboda karyayyar shinkafa ba ta shiga hidima. Sarakunan Rajput na arewacin Indiya da shi aka riƙa tabbatar musu da sarauta. A arewacin Indiya akwai bikin da sunansa ma tilak, inda mazan gidan amarya ke zuwa su sa wa ango, kusan matsayin baiko. Kwana biyu bayan Diwali, bikin kunna fitilu, 'yar'uwa tana sa wa ɗan'uwanta namiji, a Nepal da launi bakwai ake yinsa. A rana ta goma ta Dashain, babban bikin Nepal, kuma dattawa suna cakuɗa shinkafa da kindirmo da jan gari su manna wa na ƙasa da su, har goshin ya cika dam. A tsibirin Bali na Indonesiya jiƙaƙƙiyar shinkafa zalla ake mannawa bayan addu'a. Baƙin ɗigon kwalli da ake yi wa jarirai a gefen goshi ko kumatu shi kuma maganin kambun baka ne, an ɓata kyan yaron kaɗan don ido ya kauce.

Jan garin goshi sunansa kumkum, kuma asalinsa kurkur ne, wato gangamau. Duk wadda kurkur ya taɓa ɓata mata zane ta sa sabulu ta ga tabon ya koma ja ta riga ta ga sirrin: sinadarin da ke ba kurkur launin rawaya yana juyewa ja in ya haɗu da abu mai kaifin kanwa. Indiyawa suna amfani da cuna, ƙonannen farin dutse ko kodi da aka kashe da ruwa. A cokali biyu na garin kurkur, abin da yatsu biyu suka tsinto na cuna ya isa, da ɗigon ruwa, a murza a shanya a inuwa. In cunar ta yi kaɗan, launin ya tsaya a ruwan goro. In ta yi yawa, ta ci fata ta bar tabo. In ruwan lemon tsami ya taɓa irin wannan haɗin, sai ya koma rawaya. Akwai wata hanyar ta kudu da ake jiƙa saiwar kurkur kwana da kwanaki cikin ruwan lemon tsami da alif da farin gishirin da ake kira boraks, a shanya, a niƙa, a murza da man riɗi, ita ce ke ba da ja mai duhu da ya fi daɗewa. Kafin a fara sayar da bindi na mannawa, mata kan shafa ɗan mai ko kakin zuma ta cikin hudar wani ƙaramin faifai, su barbaɗa garin a kai, a cire faifan a bar da'ira daidai.

Inda haɗari yake shi ne na kasuwa. Sindur mai ƙyalli tun da can ana yinsa da jan dutse mai zaiba ko da jar dalma, kuma har yanzu ana ƙara dalmar don nauyi da launi. A watan Disambar 2007 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wani sindur da aka samu dalma ce mafi yawan abin da ke cikinsa. A 2017 masu bincike a jami'ar Rutgers suka auna samfuri 118 da suka saya a New Jersey da Indiya, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar na Amurka da kashi 43 cikin ɗari na Indiya sun haura iyakar da hukumar ta ƙayyade wa launukan kayan kwalliya. Matsalar iri ɗaya ce da ta wasu tozalin da ake sa wa jarirai a wajenmu: dalmar ba ta fata take shiga sosai ba, ta hannu zuwa baki take bi, kuma yara ƙanana da masu ciki ta fi yi wa illa. Kumkum mai rinin masana'anta yana jawo ƙaiƙayi da baƙin tabo daidai siffar ɗigon. Bindi na mannawa kuma gam ɗinsa ne matsala, akwai sinadari a cikin wasu da ke kashe ƙwayoyin launin fata ya bar farin tabo zagayayye a tsakiyar goshi. Yana ƙaruwa ne ga mai barinsa dare da rana cikin gumi. Likitocin fata suna cewa a cire shi kafin barci, a riƙa ɗan sauya wurin, in kuma fatar ta fara sauya launi a daina nan take.

Ɗigon mata a yau ya fita daga iyakar addini a wurare da yawa. Musulmai mata a Bangladesh suna sa tip ranar sabuwar shekarar Bengal a matsayin ado, Kiristocin kudancin Indiya wasu suna sa pottu, 'yan birni suna zaɓen launi ne don ya dace da sari. Matan Maharashtira suna da nasu mai siffar jinjirin wata. Amma wannan sassaucin bai shafi sauran ba: tripundra da urdwa pundra alamun bauta ne zalla, sindur a tsagar kai kuma na matar aure ne. In kin je taro ko gidan Bahindu aka nufo goshinki da tire mai jan gari da shinkafa, tarba ce ake yi miki, sai dai tushenta na addini ne. Wadda ba ta so ta dafa ƙirji ta yi godiya ta ce addininta bai ba ta dama ba, sun saba jin haka daga Musulmin ƙasarsu, waɗanda sun haura miliyan 170 tun a ƙidayar 2011.